Famfon da Reijo Ya Rufe

Gashin baki ne abu na farko da gawayin nan ya ci wa Reijo Hyttinen, kuma da bakinsa ya miƙa shi, ba wanda ya roƙe shi.

Wata Lahadi ce, a ɗakin girkin yayarsa Sirkka, an zauna shan gahawa da burodin pulla mai zaƙi. 'Yarsa Kaisu, wadda ta zo ganin gida daga jami'ar da take aiki a kudu, ta buɗe jaka ta ajiye wani ɗan ƙarfe mai sheƙi a kan tebur, bai fi maɓallin riga ba. Ta ce batir ne, kuma da dattin itace aka yi cikinsa, baƙin ruwan nan da ke saura in an dafa itace za a yi takarda.

Reijo ya dubi abin, ya dubi 'yarsa. "Baƙin ruwa? Wanda na yi shekara talatin ina shaƙar warinsa?"

"Shi fa, Baba. A busar da shi, a gasa shi ya zama gawayi, a niƙe shi har ya fi kwalli laushi. Sai a cusa masa sinadarin nan da ke cikin takin zamani, ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya. Shi ke nan, sai ya riƙe lantarki. A yi masa caji, ya ƙare, a sake yi."

"Gawayi gawayi ne. A gasa kifi da shi, a zubar da toka. Duk shekarun da kika yi a makaranta, ashe gawayi kika je ganowa? Da kin tambaye ni, ga shi can buhu-buhu a bayan sauna, inda muke wankan tururi."

Sirkka ta ce, "Kai dai rufe mana baki, ƙanena. Ba kai ne ka rantse ba za a taɓa yin wayar da ba ta da igiya ba?"

"Wancan daban." Ya shafa gashin bakinsa, wanda tun yana saurayi reza ba ta san hanyarsa ba. "In ɗan maɓallin nan ya kunna ko da ƙwai ɗaya, ku aske wannan."

Kaisu ta ciro wani ɗan ƙwan lantarki mai ƙafa biyu, ta manna masa. Ya kama, jawur.

Reijo ya ce rana ce ke haska shi. Sirkka ta ja labule. Ya ce ƙwan ne ke da wutarsa a ciki. Kaisu ta zare batirin, ƙwan ya mutu, ta mayar, ya farfaɗo. Ya ce ai shi farar wuta yake nufi, ja ba ta cikin magana. Kafin ya rufe baki Sirkka ta dawo da almakashin da take yanke ƙayar kifi, ta ce ya zauna ko ta zaunar da shi. Ranar Litinin duk mutanen garinmu Kuusisalmi suka ga leɓen Reijo na sama karo na farko, fari fat kamar cikin kwaɗo, kuma ba wanda ya yi masa alheri ya ɗauke kai.

A bayan kamfanin takarda aka haife shi, a layin gidajen ma'aikata masu jan fenti, inda ubansa ma ya tsufa. Bai yi nisa a makaranta ba. Bai ga dalili ba, tunda ga hayaƙin kamfani yana kiransa ta taga. Aikin bututu aka ba shi: na tururi, na sinadari, na gas, da ɗaruruwan famfunan da ke kansu. Mutum ne marar magana, ko a ma'aunin garinmu, inda in maƙwabci ya ce maka "an yi sanyi" sai ka ce yau wane surutu yake ji.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai abin Taisto ya faru. Taisto abokinsa ne tun na yarinta, tare suka shiga aiki. An tashi hutun biki, wani ya bar famfon gas a buɗe, ɗan kaɗan dai. Gas ɗin ya yi ta taruwa a ramin da ke ƙarƙashin injin. Da aka dawo, Taisto ya sauka da tsani don ya duba wani abu, Reijo na riƙe da kan tsanin. Taisto bai hawo ba. Reijo bai taɓa ba kowa labarin nan ba, mu ne muka ba juna. Amma daga ranar ya zama na ƙarshen fita. Duk jajibirin hutu sai ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne, ya ɗora hannu a kan kowane famfo, ya murɗa har sai ya ji ya tsaya. Shugabanni suka zo suka wuce, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi.

Marjatta ce ta aure shi, ba shi ya aure ta ba. A rumfar rawa ta bakin tabki yakan je ya jingina da bango, bazara bayan bazara, yana kallon ƙafafun mutane. Ita ta gaji, ta zo ta ce masa, "Kai, bangon nan ba faɗuwa zai yi ba, sake shi." Ya sake shi. Ita ce dariyar gidan, ita ce mai surutun mutum biyu. Takan ce ranar da take mura ba ta yarda ta kwanta kusa da shi, kada ya ji hancinta na tsiyaya ya murɗe mata shi.

Ciwo ya kama ta da kaka, kafin ƙanƙarar tabki ta narke an binne ta. Reijo bai yi kuka a gaban kowa ba. Itace ya shiga faskarawa. Ya faskara nasa, ya faskara na Sirkka, ya faskara na wata tsohuwa a ƙarshen layi wadda ko murhun itace ba ta da shi. A shekarar Kaisu ta gama sakandare, ta hau jirgin ƙasa ta yi kudu. Duk Lahadi takan kira shi.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya."

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"An yi ƙanƙara?"

"An yi."

Sai kowa ya saurari numfashin ɗan'uwansa, sannan a ajiye waya. Shi kuma ya koma ya zauna a kujerar da ke kallon matakalar ɗakinta.

Sai aka rufe kamfanin takarda. Wai duniya ta daina karanta jarida. Hayaƙi ya tsaya, warin da muka yi shekaru muna tsine wa ya tafi, muka rasa abin da za mu yi da hancinmu. Banki ya tashi, kantin takalma ya tashi, matasa suka bi su. Muka rage mu tsofaffi da karnuka da likita guda mai zuwa ranar Talata. Reijo ya zama mai gadin tabki ba albashi: ya zauna a bakin ruwa, ya tabbatar bai gudu ba. A cikin wannan zaman ne aka yi masa askin da na ba ku labari.

Ba a yi shekara da askin ba Kaisu ta dawo gaba ɗaya, da akwatuna da 'yarta Vilja, ba miji. Mijin, in ji ta, ya tafi neman kansa. Har yau ba mu ji labarin ya gano ba. Ta zo da wasu mutane masu tabarau, da masu kuɗi a bayansu, suka kama hayar tsohon ɗakin injin kamfanin, suka girka tanderu. Sunan da suka raɗa wa wurin dogo ne, na Turanci. Mu kamfanin gawayi muke ce masa. Suna neman wanda ya san bututu da gas.

"Baba, za ka riƙe mana tanderu?"

"Zan duba ko ina da lokaci," in ji mutumin da aikinsa kallon tabki. Washegari tun kafin a buɗe ƙofa yana tsaye da tsohuwar rigar aikinsa, har da karin guga.

Ya kuwa iya aikin. A zuba garin a ɗan kwanon dutse, a tura cikin dogon bututun tanderu, a kore iska, a hura wuta har garin ya yi ja, sannan a sako wata iska mai yaji, mai warin turken doki, ta ratsa shi. Ita ce ke barin 'yan ɗigon sinadarin a jikin gawayin, su zama kamar ƙugiyoyin da lantarki ke maƙalewa. In ta yi kaɗan batir ya yi lalaci, in ta yi yawa ya mutu da wuri. Kaisu ke faɗin nawa, Reijo ke murɗawa.

"Baba, ƙara kaɗan."

"Wane kaɗan? Kaɗan ɗina ko kaɗan ɗin uwarki?"

"Naka. Na Mama ai sai rufin ya tashi."

"Yadda shugaba ta ce."

Da yamma ya dawo gida baƙi ƙirin, sai haƙora da idanu, Vilja ta tare shi a ƙofa ta zana masa kifi a goshi da yatsa kafin a bar shi ya shiga wanka.

A saman benen gidansa suka sauka, wai na wucin gadi kafin su sami nasu. Reijo ya tabbatar ba su samu ba. Duk gidan da Kaisu ta je gani, sai ya bi ta ya ƙwanƙwasa bango, ya girgiza kai ya ce akwai danshi. Shi ke tura Vilja makaranta a kan keken ƙanƙara, shi ya koya mata huda daskararren tabki da zama shiru a bakin rami har kifi ya gaji ya kama. Ita kuma ta koya masa magana, don yarinyar ba ta yarda da amsar kalma ɗaya ba. Ukki take ce masa, kamar yadda jikoki ke kiran kakanninsu a nan. "Ukki, don me? Ukki, sai me?" Sai ga Reijo yana jera kalma goma a numfashi ɗaya, shi kansa yana mamaki. Abin da yake so a duniya bai wuce ɗaya ba, kuma kowa ya gani a fuskarsa: su zauna. Zamansu kuwa a wuyan kamfanin gawayi yake rataye.

Akwai wani ɗaki a kamfanin da ba na Reijo ba ne. A can akwatin yake, dogon akwatin gilashi mai baƙaƙen hannayen roba a jikinsa, da ake zura hannu a ciki a yi aiki. Kullum a kumbure suke, a miƙe waje kamar mai jiran a rungume shi. Ba iskar duniya a akwatin, sai wata mai suna argon, wadda ba ta cin komai, ba ta lalata komai. A ciki ake ƙarasa aikin. A kwaɓa garin Reijo, a shafa shi a kan siraran fallayen ƙarfe, sannan a ciyar da su wani ƙarfe mai laushi kamar man shanu, wanda iska ko danshi na taɓa shi ya lalace. Daga nan fallayen ba sa sake shaƙar iskarmu, daga akwati sai cikin batir. Petteri ne mai kula da akwatin, mutum mai tsabta da tsari har ya ba ka haushi. Reijo yakan leƙa ta ƙofa, ya je ya ce wa Sirkka yaran nan wasan 'yar tsana suke yi ana biyansu. Bai taɓa tambayar daga ina iskar akwatin take zuwa ba. Ba kuma wanda ya taɓa tunanin gaya masa.

A wani hunturu suka dace. Garin ya fito yadda Kaisu ta yi shekaru tana mafarki. Aka yi ta caji ana saukewa, batir ya ƙi gajiya. Wani kamfanin ƙera motocin bas na ƙasar waje ya ce a kawo musu fallaye a ƙarshen bazara su gwada da kansu. In sun gamsu, aka ce, masu kuɗi za su gina babbar masana'anta a nan Kuusisalmi. In ba su gamsu ba, to masu kuɗin dai sun fara hamma. Aikin watanni ke nan jere a cikin akwati, falle bisa falle, yana jiran ranar tafiya.

Sai jajibirin Juhannus ya zo, bikin tsakiyar bazara. Ranar ba a riƙe ɗan ƙasar nan a wurin aiki ko da sarƙa. Kafin rana ta yi tsaka kowa ya loda nama da giya da yara a mota, ya nufi bukkarsa ta bakin tabki. Daga bikin kuma a zarce hutun wata guda, ƙasa gaba ɗaya ta ja ƙofa. Petteri ya duba akwatinsa ya ga komai daidai, ya ruga tashar jirgin ruwa. Kaisu ta ɗauki Vilja da Sirkka suka yi gaba kafin a rufe kanti. Reijo ya ce zai biyo su in tanderu ya huce.

Tanderu ya huce. Ya rufe gas ɗinsa, ya bi bututunsa ɗaya-ɗaya, ya kulle ƙofa. Ya zagaya bayan gini inda ya ajiye mota, sai kunnensa ya kama wani ɗan sauti, siriri kamar numfashin jariri. A jikin doguwar farar tukunyar gas ɗin da ke bayan ɗakin akwati ne. Bututun ya yi raɓa, famfon a buɗe.

Ya tsaya. Ya ciro waya, ya nemo sunan Kaisu, ya daɗe yana kallonsa. Tana tuƙi, da yarinya a mota, hanya cike da masu gaggawa. Kuma ranar Juhannus ba a kiran mutum a kan maganar aiki. Ko gobara ce, sai ka fara gwada kashe ta da kanka. Ban da haka ma, namijin da ya tsufa a kan famfo zai kira 'yar da ya haifa ya tambaye ta ko a rufe famfo? Gas a buɗe, gini ba kowa, wata guda. Ya ga tsani, ya ga rami. Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗora hannu ya murɗa har sai da ya ji ya tsaya. Sautin ya mutu. Har ɗan tsaki ya yi a kan sakacin yaran zamani, ya kuma ƙudurta ba zai tona Petteri ba, kada a kunyata bawan Allah a gaban mutane.

Watan nan shi ne mafi daɗi a rayuwarsa tun rasuwar Marjatta, abin da ya sa ba a iya ba da labarin nan a gama da busasshen ido. Ya hura sauna kullum. Ya koya wa Vilja tuƙa kwalekwale, ta jefa masa hula a ruwa, ya bi hular da iyo da tufafinsa. Kaisu ta yi barci har ta gaji, kumatunta suka dawo. Wata rana har an ji Reijo yana waƙa a bakin ruwa. Sirkka ta ce ta zaci saniya ce ta faɗa rami. A can gari kuwa akwatin na ta kuka shi kaɗai a ɗakin da ba kowa. Ya aika da gargaɗi ga wayar Petteri, wayar kuma tana kashe a aljihun tebur, mai ita yana tsakiyar teku. Haka muke hutu a nan, ba wanda ya ga laifinsa.

Ranar da aka dawo, hannayen robar ne suka fara ba da labari. Waɗanda kullum suke a miƙe, ga su sun saki jiki suna reto. Kaisu ta manna fuska a gilashi. Fallayen da ta bari baƙaƙe sumul sun yi fari-fari, sun tsattsage kamar busasshen leɓe. Ƙarfen mai laushi ya zama ɓawon toka. Iska ta yi makonni tana sulalowa ta kowace 'yar kafa, ba abin da zai tura ta waje.

Petteri ya fita da gudu, ya dawo a hankali. "Wani ya rufe famfon tukunya."

Ɗaki cike da mutane, kowa na kallon takalminsa. Reijo na bakin ƙofa, riƙe da kyafaffen kifin da ya kawo wa abokan aiki tsaraba.

"Ni ne," ya ce.

Kaisu ta juyo. Da ta yi ihu, da ta jefe shi da wani abu, da an sami abin gyarawa. Da Marjatta ce, da ta tsine masa tun daga kakanninsa, yamma ta yi ta zuba masa miya. Amma Kaisu 'yar ubanta ce. Ta dube shi, ta ce, "To." Ta juya ta zura hannu, ta fara kwashe fallayen tana tarawa a bokiti.

Sun gwada, kada a ce ba su gwada ba. Reijo ya tare a gaban tanderu, ba Asabar ba Lahadi, har girarsa ta ƙone. Amma aikin watanni ba ya yiwuwa a 'yan makonni, gawayi kuma ba ya jin roƙo. Abin da aka samu aka aika. Mutanen bas suka gwada, suka yi godiya irin ta masu ladabi, wadda ta fi zagi ciwo. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka aka tara ma'aikata a ɗakin shan gahawa. Wani mai kuɗi ya bayyana a talabijin ɗin bango daga wani birni mai rana, ya yi magana a kan kasuwa, da arhar batiran gabas, da yadda zuciyarsa take tare da mu. Zuciyar tasa ba ta daɗe ba. Kafin Kirsimeti an zo an kwance tanderu.

Ba wanda ya ce wa Reijo ko uffan. Mu in mun tausaya wa mutum, daina kallonsa muke yi. Ya shiga shagon gahawa na gidan mai, hira ta mutu, wani ya turo masa farantin pulla ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya jure ya gaji, ya daina zuwa. A bayan idonsa kuwa an yi shari'arsa an gama an sake. Akwai masu cewa tsohon ya kashe gari da hannu ɗaya, akwai masu cewa wane irin masu ilimi ne za su rataya arzikin gari a famfo guda, ba ko ɗan kwali a jikinsa. Shi bai kare kansa ba. Ya rame, riga ta yi masa yawa.

Vilja ce kaɗai ta tambaye shi ido da ido. Yana tura ta makaranta, tana zaune a gaba ta dunƙule cikin gyale.

"Ukki, a aji an ce kai ka kashe kamfanin Mama."

"E."

"Don me?"

"Na ji yana tsiyaya."

Ya yi ta tura ta har suka wuce coci. Sannan ta ce, "Ni ma da na ji, da na rufe."

Ya kai ta, ya juyo, ya tsaya a bayan ɗakin shara na makaranta har sai da fuskarsa ta koma yadda za a iya shiga gari da ita.

A gida shi da Kaisu suka koma gaisuwar waya, alhali tebur ɗaya ne tsakaninsu. Da ta gaya masa ta sami aiki a Jamus, a wata babbar masana'antar batir, ya ce, "Madalla." Ya tashi ya sauko mata da akwatunanta daga ƙuryar rufi.

Safiyar tafiya Sirkka ta zo da pulla mai zafi na guzuri. Vilja na sama tana tattara tarkacenta. Reijo na ta kai kaya mota, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Da ya shigo ɗaukar jaka ta ƙarshe, Kaisu ta tare ƙofar ɗakin girki da jikinta.

"Baba, ajiye wannan. Zauna."

"Hanya na da nisa."

"Ta jira. Ka zo mu tafi tare, akwai ɗaki."

"In yi me a Jamus? In rufe musu famfo?"

Sirkka ta ce, "Ji shi! Watanni bai yi magana ba, da ya buɗe baki sai guba."

"Maganar da nake so mu yi ke nan," in ji Kaisu. "Na bar ka kana cin kanka, don haushinka nake ji, na kasa buɗe baki. Ba kai ba ne, Baba."

"Hannuna ne."

"Hannunka ya rufe famfo, ba shi ya rufe kamfani ba. Tun kafin ƙanƙara ta narke masu kuɗin suka gaya mini sun gaji da mu. Ko da fallayen sun isa lafiya, ko da mutanen bas sun taka rawa don murna, ba a nan za a gina masana'antar ba. Gari ba matasa, ba filin jirgi, wa zai zo? Na sani tuntuni. Mutanen Jamus ɗin nan, tun kafin Juhannus na fara magana da su."

Reijo ya ajiye jakar a hankali.

"Tun kafin Juhannus."

"E."

"Muna bukka, ina hura sauna, ke kin riga kin sani."

"So na yi ka ji daɗin hutun."

Sirkka ta buga tebur da tafin hannu. "To ka ji, kurman banza! Yarinya ta wanke ka tas. Sauke kayan nan daga kanka ka ci burodi, ka daina yi mana yawo a gari kamar fatalwa."

"Ƙarya take yi don in ji sanyi."

"Ba ƙarya nake ba! In kira maka Petteri? Shi ma ya sani." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi. "Baba, wai me ya sa kake so dole sai ya zama laifinka? Wane irin mutum ne ake sauke masa kaya yana ƙanƙamewa?"

A sama ana jin takun Vilja, daga gado zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Reijo ya ɗaga kai yana sauraro har takun ya tsaya. Sannan ya dubi 'yarsa.

"Bar mini famfona, Kaisu. In ni na rufe, to da kun zauna, ni na ɓata. In ba ni ba ne, dama can tafiya za ku yi, ni kaɗai ne ban sani ba. Na farkon zan iya ɗauka."